Kunyar 'Yar Fari

A makarantar 'yan mata ta kwana da ke Gumel, a shekarun da malamai mata 'yan ƙasa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, Malama Sauda ce ke koya wa 'yan aji biyu rubuta wasiƙa. Ita ce ke tsayawa gaban allo tana cewa, "Bayan gaisuwa, ki faɗi abin da ya sa kika ɗauki alƙalami. Ban da kewaye-kewaye." Amma ita kanta duk sati sai ta cika shafi guda zuwa gidan mijinta, kuma ba ta taɓa rubuta abin da ya sa ta ɗauki alƙalamin ba.

'Yarta ɗaya a duniya, Naja'atu, mai shekara uku da 'yan watanni. 'Yar fari ce. Ranar da aka yaye ta, uwar mijin Sauda, Iya Yelwa, ta goya ta ta tafi da ita ƙauyensu da ke can bayan Sule Tankarkar, dab da iyaka. Sauda ba ta hana ba, don wa ya taɓa jin uwa ta yi musu a kan 'yar fari? A wajensu mace ba ta kiran sunan 'yar farinta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta tambayar lafiyarta. Wadda ta yi haka an gama da ita, sai a riƙa nuna ta da baki a gidan suna da gidan biki. Mijinta Ishaƙ yana can Zariya yana kwas na malaman gona, ya bar ta a hannun yayansa Badamasi, wanda shi ne babba a gida. Sharaɗin da aka gindaya kafin a bar ta ta koyar kuwa shi ne ta zauna cikin makaranta, kada ta taka gida sai an yi hutu.

To, da wasiƙa ake gaisawa. Ɗanjuma direba, mai motar da ke fitowa daga ƙauyen duk ranar kasuwar Gumel, shi ke kai tata, sati ya zagayo ya kawo amsa. Takan rubuta, "Ina gaida Iya, ina gaida matan gida, ina gaida yara duka." A kan kalmar "duka" ɗin nan take danna alƙalami har ya kusa huda takardar. Badamasi, da ya taɓa yin aji huɗu a firamare kuma bai bar kowa ya manta da haka ba, shi ke karanta wa Iya, shi ke rubuto amsa. Amsar ba ta wuce layi biyar, kuma kullum a cikinta akwai "kowa lafiya."

Wata ranar kasuwa cikin bazara, ana zafin da ko kaji sun saki fukafukai, Sauda ta je tasha da wasiƙarta. Ɗanjuma ya karɓa ya cusa a aljihu, sannan ya tsaya yana goge hannu da tsumma, ya ƙi kallonta.

"Malama, baƙon dauro ya sauka a garinku," ya ce. "Gidan liman an rufe yara biyu shekaranjiya."

Baƙon dauro shi ne ƙyanda, mutanen ƙauye ba sa son kama sunanta.

"Gidanmu fa?"

"Na dai ga an saki tabarma a ƙofar ɗakin Iya."

"Wane yaro ne a ciki?"

"'Yar wajen Iya ce," in ji shi, ya juya yana yi wa masu lodi tsawa ba gaira ba dalili. Shi ma ya san abin da ba a faɗi a gaban uwa.

Sauda ta karɓe wasiƙarta, ta durƙusa a inuwar motar, ta ɗora takardar a kan gwiwa ta ƙara rubutu a bayanta. Ta san ƙyanda. A kwalejin horar da malamai an kai su asibiti sun ga yaran da ta ci wa idanu, kuma ita ce ke koyar da kiwon lafiya a aji uku. Ta rubuta cewa ta ji ana fama da baƙon dauro a gari, don haka duk yaron da ya kamu a gida, ko wane ne, a riƙa ba shi ruwa da abinci sosai, a goge masa ido da ruwan da aka tafasa ya huce, kada a sa masa komai a ido, kuma a kawo shi asibitin Gumel a motar Ɗanjuma, ita za ta tarye su. "Ko wane ne" ɗin nan sau biyu ta rubuta shi.

Sati guda ta yi tana jiran motar. Da ranar ta zo tun hantsi take tasha, tana duba matan da ke saukowa ko akwai mai goyo. Babu kowa daga gidansu, sai takarda.

"Bayan gaisuwa," in ji Badamasi, "mun ga takardarki, na karanta wa Iya. Ta ce ta gode da karatu. Ta ce yara tara ta haifa, duka a ɗakinta suka yi baƙon dauro, ba ta kai ko ɗaya wurin likita ba. Kowa ya san in aka yi wa mai baƙon dauro allura ciki yake komawa ya kashe shi. Ana yin abin da ya kamata. Kowa lafiya."

Gaskiya ne tara Iya ta haifa. Biyar ne suka rayu, amma wannan ba ya cikin wasiƙar.

A ɗakin malamai ƙawarta Malama Murja, mutuniyar Maigatari wadda ba ta iya ɓoye magana ba, ta karɓi takardar ta karanta, ta yi tsaki ta jefar da ita kan tebur.

"Ke Sauda, tashi ki bi motar nan kafin ta koma. Ni zan riƙe miki ajinki. Shugaba ma ba za ta hana ki ba."

"In je in ce na zo yin me?"

"Ki ce kin zo duba 'yarki mana!"

"A gaban Iya? Da bakina?"

"To da bakin wa? Nawa zan ara miki?"

"Ba ki san gidan ba ne, Murja. In na sauka ba a kira ni ba, na ce Iya ba ta iya riƙo ba ke nan. Har in mutu ba za ta yafe mini ba. Kuma Yaya zai ce na karya sharaɗi."

Murja ta dube ta ta girgiza kai. "Kin karanta littafi ya fi ɗari, amma tsohuwa ɗaya ta ɗaure ki da zaren da ba a gani."

Sauda ta san gaskiya Murja ta faɗa, kuma sanin bai ƙara mata ƙarfi ko kaɗan ba. Abin da ta iya yi shi ne ta sake ɗaukar alƙalami. Ta rubuta wa Badamasi cewa ta daɗe ba ta ga Iya ba, tana neman izini ta zo ta gaishe ta kwana ɗaya tak. Ta kuma rubuta wa Ishaƙ zuwa Zariya ta gidan waya. Ko a wasiƙar mijinta ba ta iya sa sunan ba, sai ta ce, "Yarinyar nan ba ta da lafiya, ka sa baki a kawo ta asibiti, ina tsoron idanunta."

Amsar Badamasi ce ta fara zuwa. "Iya ta ce ta amsa gaisuwarki daga nan. Hutu ya kusa, saura sati shida. In kika zo yanzu mutane za su ce wani abu ya faru, alhali babu abin da ya faru. Ki kula da 'ya'yan mutane da aka ba ki amana, mu ma muna kula da namu." Sauda ta karanta "namu" ɗin nan har sau uku. Sannan ta nemi Ɗanjuma a bayan mota inda yake cin rogo da ƙuli.

"Ya mai jiki?" ta tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ƙurajen sun baje, zazzaɓin ma ya sauka, an gode Allah. Sai dai matata ta shiga dubiya, ta ce ba ta buɗe ido. Ya kumbura, yana ta ruwa. Amma ana sa mata magani."

"Wane magani?"

"Wata saiwa ce da Iya ke jiƙawa, a haɗa da kwalli a ɗiga. An ce yarinyar tana ihu in an sa, to Iya ta ce ai shi ne alamar yana aiki."

Daga tashar Sauda ba ta koma makaranta ba, asibiti ta nufa da ƙafa cikin ranar nan. Ta sami ma'aikacin da ke duba masu ciwon ido ta kwatanta masa komai, ta ce wata yarinya ce a gidansu. Ya ba ta maganin ɗigawa a 'yar kwalba da wasu ƙwayoyi, ya ce wannan na rage hanya ne kawai, a daina sa saiwar nan yau, a kawo yarinyar gobe in da hali, don ido ba ya jira. Ta dawo tasha a guje, ta tarar mota na shirin tashi. Ta ƙulle maganin a gefen wani tsohon kallabi, ta haɗa da takarda mai bayanin yadda ake sawa, ta roƙi Yaya don girman Allah ya karanta wa Iya duka, kada ya tsallake ko layi ɗaya.

A satin nan ne abinci ya daina wuce mata. In an kawo tuwo sai ta gutsura sau biyu ta ture. Ta shiga aji ta rubuta kwanan watan jiya a allo, yara suka gyara mata. Wata rana tana duba 'yan ɗakin kwana da safe, ta ga wata 'yar aji ɗaya da ɗan jan ido, ta ja ta har ɗakin shan magani tana faɗa kamar za ta doke ta, yarinyar na kuka tana cewa sabulu ne ya shiga. Zobenta ya fara zamewa daga yatsa, sai ta cire ta ajiye.

Ranar kasuwa ta zagayo. Ɗanjuma ya miƙo mata ambulan mai nauyi, da ta taɓa ta san abin da ke ciki. Kwalbar ce, ko murfinta ba a kwance ba.

"Iya ta ce ba a haɗa magani biyu a ido ɗaya," in ji wasiƙar. "Ta ce in an gama nata, in da buƙata, za a aiko. Kuma ta ce abin ya fara yawa, ko a garinku ba a koya wa mata kunya ba ne? Ni dai ban karanta mata duk abin da kika rubuta ba, don kada ranta ya ɓaci. Kowa lafiya."

Kwana biyu bayan haka ta Ishaƙ ta iso, sati biyu bayan Sauda ta aika tata. Ya ce ya ji, Allah ya sawwaƙe. Ya ce ta yi haƙuri, Iya ba za ta cuci jikarta ba. Ya tuna mata irin wahalar da ya sha kafin 'yan'uwansa su yarda matarsa ta yi aiki, ya roƙe ta kada ta sa a ce boko ya cire mata kunya, don shi za a yi wa dariya. Daga ƙarshe ya ce ta aiko masa da yaji in ta sami mai zuwa.

Ba mugaye ba ne mutanen nan, abin takaicin ke nan. Iya na kwana da yarinyar a jikinta, tana tauna mata abinci. Badamasi ya yanka zakara an yi sadaka. Ishaƙ kuwa yana sa ta a addu'a bayan kowace salla. Kowannensu yana da abin da yake karewa, wannan girmanta, wannan matsayinsa, wancan fuskarsa a gaban 'yan'uwa, kuma babu wanda ya ga ya dace ya sauke nasa saboda idon yarinya 'yar shekara uku. Ita Sauda da ta san abin da ke faruwa a cikin idon nan kwana bayan kwana, ita aka hana magana.

Sati na biyar ta je tasha ba ta riƙe da wasiƙa. Ɗanjuma ya dube ta ya dubi ƙunshin kayanta, ya buɗe mata gaba. Motar ta yi ta nutsewa a rairayi ana sauka ana turawa, sai bayan la'asar suka shiga gari.

Ta yi sallama ta shiga. Matan gida na tsakar gida suna sussuka, Iya na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Taɓarya ta tsaya. Sauda ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan, ta sunkuyar da kai.

"Iya, ina wuni?"

"Lafiya. Korar ki aka yi?"

"A'a, Iya. Ina gajiya?"

"Babu gajiya."

"Ya gida? Ya zafi? Ya ƙarfin jiki?"

Haka ta bi gaisuwar ɗaya bayan ɗaya har ƙarshe, tana jin motsi a cikin ɗakin da ke bayan tsohuwar. Sai labule ya motsa. Wata 'yar yarinya ta fito, ta rame har wuyanta ya yi tsawo, hannunta ɗaya na bin bango, ɗayan a miƙe a gabanta. Ta ɗaga fuska sama tana sauraren baƙuwar murya. Idanun a buɗe suke yanzu. Baƙin idanun duka biyu ya rufe da fari kamar an ɗiga nono.

Yarinyar ta saki bango, ta nufi wajen murhu inda tukunya ke tafasa.

"Naja'atu!"

Sunan ya fita da ƙarfi har awaki suka zabura. Sauda ta riga ta tsallake tabarmar Iya ta sure yarinyar ta ƙanƙame ta a ƙirji, tana kuka tana maimaita sunan, ba ta ma san tana yi ba.

"A'uzubillahi," in ji Iya, ta ajiye mazari. "A gabana? A tsakar gidan nan? Yau na ga abin da ban taɓa gani ba."

Ɗaya daga cikin matan ta rufe baki da gefen zane, wata ta shige ɗaki don kunya ta kama ta. Badamasi ya shigo daga zaure da carbi a hannu.

"Abin da muke gudu ke nan," ya ce. "Wa ya ba ki izinin zuwa?"

"Yaya, ba ta gani," in ji Sauda. "Ku dube ta, ba ta gani."

"Yanar ido ce ta taso, za ta washe," in ji Iya. "Na Ɗantala ma haka ya yi." Ɗantala ɗan ƙanwarta ne, kuma da ido ɗaya yake yawo har yau, kowa a gidan ya sani.

Yarinyar ta fara mutsu-mutsu a hannun Sauda tana ture ta. "Iya! Iya, wace ce?"

"Malama ce, ta Gumel," in ji tsohuwar. "Zo nan."

Aka yi ta maganganu har magariba, mafi yawansu a kan bakin Sauda ne da abin da ya furta. Daga ƙarshe liman, wanda ya rufe nasa biyu, ya aiko ya ce a bar ta ta kai yarinyar, babu abin da za a rasa. Badamasi ya yarda, amma ya ce shi zai raka su, don kada a ce gidansu babu namiji.

Washegari a amalanken shanu suka fita zuwa Sule Tankarkar, daga nan suka sami mota zuwa asibitin Gumel. Likitan da ya duba Naja'atu dattijo ne mai furfura a gemu. Ya haska ƙaramar tocila a idon dama, ya haska a na hagu, ya kaɗa hannu a gaban fuskarta. Yarinyar ba ta ƙifta ba. Ya kashe tocilar ya sa a aljihu.

"Da sati uku da suka wuce ne, da na ce muku wani abu," ya ce. "Ko sati biyu ma, da wataƙila an tsira da ɗaya. Me aka riƙa zuba mata?"

"Ɗan na gida ne," in ji Badamasi.

Likitan ya ja numfashi irin na wanda ya gaji da jin amsar nan. "Ina uwar yarinyar take duk tsawon lokacin nan?"

"Ga ta nan, likita," in ji Badamasi, ya nuna Sauda da carbi. "Ba ta gida. Ma'aikaciya ce, malamar makaranta. Tsohuwa aka bar wa yarinyar, ita kuma ta yi iyakar abin da ta sani."

Likitan ya juyo ya dube ta tun daga kallabi har takalmi.

"Malama ce ke? Da iliminki? Kina garin nan, asibiti na bayan makarantarku, kika bar 'yarki ta makance a ƙauye?"

Sauda ta buɗe baki. Wasiƙun Badamasi na cikin jakarta, duka, da kwalbar da aka mayar mata. Hannunta har ya kai kan jakar. Sai ta ji Yaya ya yi gyaran murya a gefenta. Matar ƙane ba ta ƙaryata yayan miji a gaban baƙo, kuma jiya-jiyan nan ta gama zubar da mutuncin gidan sau ɗaya. Ta sauke hannun, ta sunkuyar da kai.

"Allah ya kyauta," in ji likitan, ya ja kati yana rubutu. "Ku kuke koya wa 'ya'yanmu."

Kafin hutu ya zo an yanke magana. 'Yan'uwa suka zauna, aka rubuta wa Ishaƙ, ya amsa da cewa duk abin da manya suka gani shi ne daidai. Makauniyar yarinya sai da mai kula, Iya kuma ta tsufa, don haka Sauda ta ajiye aiki ta dawo gida. Badamasi da kansa ya tsara mata abin da za ta rubuta wa shugabar makaranta, ita ta kwafe da kyakkyawan rubutunta ta sa hannu. Murja ta raka ta tasha tana zagin kowa da kowa.

A shekarar nan mutum uku a ƙauyen suka fasa kai 'ya'yansu mata Gumel. In aka tambaye su dalili sai su nuna gidan su Badamasi da haɓa, su ce a je a ga 'yar malama, wadda uwarta ta tafi koyar da 'ya'yan wasu ta bar tata ta makance. Har yau haka ake ba da labarin a can, kuma masu ba da shi sukan ƙara da yaba wa Iya Yelwa, baiwar Allah, da ta yi ta fama da jinya ita kaɗai.